Tambayoyi da amsoshi kan tara tsofaffin sulalla masu hoton dabbobi

Jama'a da dama in suka ji an ce mutum yana tara kuɗin ƙarfe na zamanin da, sai su ɗauka ko dai harkar tsibbu ce ko neman arzikin dare ɗaya. Ba ko ɗaya. Ga tambayoyin da aka fi yi, musamman kan masu hoton dabbobi tunda su suka fi shiga rai.

Wai wane irin tsufa ake magana? Irin kwabon nan mai huji na zamanin Turawa?

A'a, wannan ai na jiya-jiya ne. Ana maganar sulallan da aka buga tun wajen shekara 600 da wani abu kafin haihuwar Annabi Isa (AS) har zuwa ƙarshen daular Rumawa, wasu kuma su haɗa da na daulolin Musulunci da na Indiya. An faro abin ne a ƙasar Lidiya, yammacin Turkiyya ta yau, babban birninsu Sardis. Ƙarfen da suka fara amfani da shi gaurayen zinare ne da azurfa, kuma tun a kuɗin farko-farkon nan me aka buga a kai? Kan zaki, baki buɗe. Daga baya sarkinsu Kirosus, wanda Farisawa suka ci da yaƙi wajen 546 kafin Miladiyya, ya raba na zinare daban na azurfa daban, ya sa zaki da bijimi suna fuskantar juna. Ka ga ke nan dabba ta riga fuskar sarki hawa kan kuɗi.

To me ya sa dabbobi?

Nan ne gishirin zancen yake. Ƙasar Girka a lokacin ba dunƙulalliyar ƙasa ba ce, garuruwa ne birjik kowa na cin gashin kansa, kowa da maƙerar kuɗinsa, kuma yawancin masu ciniki ba su iya karatu ba. To ya za a yi ɗan kasuwa a tashar jirgin ruwa ya gane wannan azurfar daga ina take, nauyinta cikakke ne ko an rage? Sai ya duba dabbar. Kamar dai yadda a da tsagar fuska take nuna maka asalin mutum tun kafin ya buɗe baki. Kudan zuma na Afisa ne, a bayansa barewa. Doki mai fukafuki na Koranti. Kaguwa da gaggafa na Akaragas a tsibirin Sisili, zomo na Mesana, zakara na Himera. Garin Taras a kudancin Italiya kuma yaro ne a kan dabbar ruwan nan dolfin.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na tsibirin Ejina. Lokacin da suke tashen fatauci a teku, kififiya suke bugawa, ƙwaryar bayanta sumul da ɗige-ɗige a jere a tsakiya. Bayan birnin Atens ya murƙushe su wajen 457 kafin Miladiyya ya karɓe jiragensu, sai hoton ya koma kunkurun tudu mai ƙwarya gida-gida. Masana da yawa suna ganin ba banza ba aka yi wannan canji. In ka ajiye biyun gefe da gefe, tashin gari da faɗuwarsa ne a tafin hannunka. Shi ya sa nake cewa duk wanda ya sayi sulen nan bai nemi sanin labarin dabbar ba, ƙarfe kawai ya saya.

Wanne ne ya fi suna a duniya?

Mujiyar Atens, ba ma a haɗa ta da komai. Mu a nan ba a yi wa mujiya kallon alheri, amma su a wajensu tsuntsuwar Atina ce, abar bautar garin, alamar hikima. Sulen azurfa ne mai kauri, nauyinsa giram 17.2, gefe ɗaya kan Atina da kwalkwali, ɗaya gefen mujiya a tsaye ta juyo da kai ta zuba maka manyan idanu, a bayanta reshen zaitun da ɗan jinjirin wata, sai haruffa uku na farkon sunan garin. Daga ma'adinan Loriyon suke haƙo azurfar, kuma bayi ne suke wannan aiki a ramuka masu tsananin wahala, wannan ma yana cikin labarin, kar a manta. A ƙarni na 5 kafin Miladiyya an buga su da yawan gaske, suka karɓu ta ko'ina har a Masar da kudancin ƙasar Larabawa aka riƙa buga kwaikwayonsu. Za ka ga wasu da sara mai zurfi a jiki, wani ma ya ratsa kan mujiyar, 'yan canji ne na wancan zamani suka sara don su ga ko cikin tagulla ne aka lulluɓe da azurfa. Masu saran sun fi araha, ni kuma har ga Allah ina son su, don ka san sun sha kasuwa. Yau ma in ka duba sulen yuro 1 na ƙasar Girka wannan mujiyar ce a kai.

Akwai na Afirka?

Sosai ma. Kartaj, kusa da birnin Tunis na yanzu, doki ne da bishiyar dabino, wani lokaci kan dokin kaɗai, har Rumawa suka rusa garin a 146 kafin Miladiyya. Dangin Hanibal, shahararren kwamandan yaƙin Kartaj, sun buga masu giwa a Sifen. Sarakunan Numidiya a Aljeriya ta yau su ma doki mai sukuwa. A Masar zuriyar Batlamus, wanda ya gaji ƙasar bayan mutuwar Iskandar a 323, gaggafa suke sawa, kuma wasu na tagullarsu manya ne ƙwarai, suna haura giram 60, in ka riƙe sai ka ji ya cika maka hannu.

Abin da ke sa ni jimami shi ne da yawa daga dabbobin nan sun ƙare a wuraren. Babu giwa a arewacin Afirka yanzu, babu dorina a Masar, zaki ma ya ɓace a Turkiyya tuntuni. In mutum ya tuna halin da zakunanmu da giwayenmu na Yankari suke ciki sai jikinsa ya yi sanyi.

Rumawa fa? Na ji ana ta maganar giwar Kaisar.

Su Rumawa siyasa suke yi da dabba. A 49 kafin Miladiyya Yuliyas Kaisar ya shigo Italiya da sojojinsa yaƙin basasa ya ɓarke, sai ya buga dinarin azurfa don biyan soja: giwa tana tattake wani abu mai kama da maciji, ƙasa an rubuta CAESAR, shi ke nan. Har yau masana ba su daina muhawara kan wa ake nufi da macijin ba. Bayan Agustus, magajin Kaisar, ya ci Masar a shekara ta 30 kafin Miladiyya, sai ga sule mai kada da rubutun cewa an kama Masar. A garin Nim na Faransa ma aka buga na tagulla, kada ɗaure da sarƙa a jikin dabino, kuma har gobe wannan kadan shi ne tambarin garin. Sau da yawa za ka samu rabinsa ne, don mutane na raba shi biyu su yi canji. Akwai kuma na shekara ta 58 kafin Miladiyya mai raƙumi, Aretas sarkin Larabawan Nabatiyawa ya durƙusa a gefensa.

Amma wanda masu son dabbobi suka fi bi shi ne na Filib Balarabe, ɗan asalin ƙasar Siriya da ya mulki Rum daga 244 zuwa 249 Miladiyya. A 248 aka yi bikin cikar birnin Rum shekara 1000, aka fito da namun daji filin wasa, shi kuma ya buga jerin sulalla: zaki, barewa, gada, kyarkeci da 'yan tagwaye, sai dorina wadda aka sa a bayan sule mai fuskar matarsa Otasiliya. Kowanne da lambarsa a ƙasa, daga 1 zuwa 6 da lambobin Rumawa, shi ya sa in ka samu ɗaya sai ka ji kana son cike sauran.

Daulolin Musulunci sun buga masu dabba kuwa?

Akasari a'a. Tun da Halifa Abdulmalik bin Marwan ya yi gyaran kuɗi a 77 Hijira, dinari da dirhami suka koma rubutu zalla, kalmar shahada da ayoyi. Amma an samu waɗanda suka fita daban. Akwai ƙananan fulus na tagulla na zamanin Umayyawa a Sham masu zaki ko tsuntsu ko giwa. Sarkin Saljuƙawan Rum Kaikusrau na 2 ya buga dirhami a Konya da Sibas tsakanin 638 da 641 Hijira, zaki yana tafiya rana mai fuska a samansa, kyakkyawa ne matuƙa kuma bai fi ƙarfin mai matsakaicin hali ba. Sultan Baibars na Mamalik a Masar, 1260 zuwa 1277, zaki ne tambarinsa, yana nan ƙarƙashin rubutu a kuɗinsa. Sai Jahangir na Mugal a Indiya da ya fara buga masu burujai daga 1618, rago, sa, kaguwa, zaki, kunama, kifi. Waɗannan na ƙarshen tsada gare su kuma jabunsu ya yi yawa, sabon shiga ya bar su tukuna.

Ya halatta mutum ya ajiye abu mai hoton mai rai, wani ma da hoton gunki?

Wannan tambaya ce ta malamai, ka kai wa malamin da ka amince da shi, ka nuna masa ainihin abin. Abin da tarihi ya tabbatar dai shi ne a zamanin Manzon Allah (SAW) da Sahabbai dinarin Rumawa da dirhamin Farisa ake ciniki da su, kuma duka suna ɗauke da hoton sarakunansu. In za ka je, ka haɗa da tambayar zakka da hukuncin sayen zinare da azurfa ta intanet, don su ma suna da nasu sharuɗɗan. Abin da ba ya buƙatar dogon bincike shi ne rataya sule a matsayin laya ko ɗaukar cewa yana kawo sa'a, wannan kam ba ya cikin harkar.

Ana samun irinsu a ƙasar Hausa?

Na Girkawa da Rumawa a'a, kakanninmu da wuri suka yi ciniki, da tufafi da gishiri. Abin da za ka iya cin karo da shi a adakar tsofaffi shi ne liyari, babban sulen azurfa na ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tareza, a bayansa gaggafa mai kai biyu. Ya yi yawo sosai a Kano da Barno da Damagaram, lokacin da Bature matafiyi Barth ya zo Kano a 1851 ana canza ɗaya a kan wuri wajen 2,500. Sai dai a kula, kusan dukkansu 1780 aka rubuta, shekarar da ta rasu, kuma an ci gaba da buga su da wannan shekarar har zuwa zamaninmu. Don haka ganin 1780 ba ya nuna tsufansa ke nan. Azurfa ce mai kyau wajen giram 28, abin tunawa da kaka ne, a riƙe shi da daraja, amma ba taska ba ce.

Sannan don Allah a kiyayi masu zuwa da labarin wai wani tsohon kwabo yana jan shinkafa ko yana da sinadari a ciki, wai akwai Bature a otal yana jira da miliyoyi, kai dai ka kawo kuɗin gwaji. Damfara ce tsagwaronta, an raba bayin Allah da gonaki a kan wannan.

Da me zan fara, kuma nawa zan tanada?

Ka fara da na sarkin Rum Galiyenus, wanda masu harkar suke kira gidan zu. A ƙarshen mulkinsa, wajen 267 zuwa 268, daula na cikin rikici ta ko'ina, sai ya buga jerin sulalla yana neman kariyar abubuwan bautarsu, kowanne da dabbarsa: barewa da gada na Diyana, damisa, akuya, doki mai fukafuki, doki mai wutsiyar kifi. A lokacin azurfar da ke cikin kuɗin ta kusa ƙarewa, tagulla ce aka ɗan shafa wa fari, bugun ma sau da yawa a karkace. Da 'yan gomomin daloli kana samun mai kyau. Haka ma ƙananan tagullar zamanin sarki Kustantin na shekarun 330, masu kyarkeci tana shayar da jarirai biyu taurari biyu a sama. Giwar Kaisar da mujiyar Atens su kuma sai ɗaruruwan daloli, masu kyau sosai su haura dubu. Can ƙololuwa kuwa, a 2023 an yi gwanjon wani na zinare daga Pantikapayon na yankin Kirimiya a kan kusan dala miliyan 6.

Shawarata ka zaɓi abu ɗaya ka bi shi, ko dabba ɗaya kamar giwa ka bi ta daga Kartaj zuwa Rum zuwa Indiya, ko jeri ɗaya. Mai tsince-tsince ba ya tara ilimi.

Ya za a yi abu mai shekara 1,700 ya yi araha haka? Ba jabu ba ne?

Yawa ne ya kawo haka. Babu banki a lokacin, mutum ya zuba kuɗinsa a tukunya ya binne, in ya mutu a yaƙi ko annoba shi ke nan. A 2010 a kusa da garin Furom na Ingila wani mai na'urar neman ƙarfe ya gano tulu guda ɗauke da sulalla 52,503, yawancinsu na ƙarni na 3. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada, ƙaranci da kyau da yawan masu nema su ke sawa.

To ya ake gane jabu?

Ka fara sanin yadda aka yi na ainihi. Maƙeri zai sassaƙa hoton a kan hatimi biyu na ƙarfe, ɗaya a kafe a uwar maƙera ɗaya a hannu, a ɗora ƙwayar azurfa a tsakani a maka mata guduma. Shi ya sa na gaske ba ya zama da'ira cif, gefensa kan ɗan tsattsage, hoton kan zame gefe guda, kuma in ka sa madubin ƙara girma za ka ga siraran layuka inda ƙarfen ya gudu zuwa baki. Jabun da ya fi yawa kuwa na zubi ne, an narka an zuba a mazubi. Shi za ka ga layin haɗi a kewayen gefensa ko alamar an goge shi da zarto, da ƙananan ramuka kamar kumfa, hoton kuma ya yi laushi kamar sabulun da ya sha ruwa. Ka sayi ƙaramin sikeli irin na masu zinare, mujiyar da ta zo giram 13 ka san akwai magana. In kuma ka ga guda biyu iri ɗaya sak, har tabo da tsaga wuri ɗaya, to daga mazubi ɗaya suka fito.

Amma gaskiya akwai gwanayen jabu da suke bugawa da hatimi kamar na da, tun wani Bajamushe Beka da ya mutu a 1830 ake fama da irinsu, kuma waɗannan sai ƙwararru. Kafin ka biya ka kwatanta hoton da na rumbunan intanet na kyauta, irin su OCRE na ƙungiyar masana kuɗi ta Amurka da shafin gidan tarihin Birtaniya.

A ina ake saye, kuma doka ta yarda?

Wajen dillalan da suka yi suna, masu ba da lamunin cewa in ya fito jabu ko bayan shekaru ne za su mayar maka da kuɗinka. Akwai kasuwannin intanet irin VCoins da MA-Shops, da gidajen gwanjo irin CNG. A gwanjo ka tuna ana ɗora kaso a kan farashin da ka ci, sau da yawa wajen kashi 20 cikin 100, ga kuɗin aike ga kwastam ga canjin dala, sannan ka tambaya tun farko ko suna aikowa ƙasarku don ba kowa ke yi ba. Wanda ya turo maka hoto a Facebook ko WhatsApp da ƙasa a jikin sulen yana cewa yanzu aka tono, ka rabu da shi.

Maganar doka kuwa ba ta wasa ba ce. Turkiyya, Girka, Masar, Italiya duk suna da tsauraran dokoki kan fitar da kayan tarihi, akwai kuma yarjejeniyar UNESCO ta 1970. Kar ka je yawon buɗe ido ka sayi tsohon sule a kasuwa ka jefa a jaka, ana kama mutane a filin jirgi a kan haka. Najeriya ma sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ake fitar da kayan tarihi. Ka riƙa neman asalin abin, wato hannun wa ya fito, a wane gwanjo aka taɓa sayar da shi. Mu da muka san zafin abin da aka yi wa kayan Nok da na Binin bai kamata kuɗinmu ya zama shi ke sa a farfasa kufan wasu ba, don in ɓarayi suka tone wuri da dare, sulen zai fito amma ilimin wurin ya tafi har abada.

Ana cin riba?

Wani lokaci, a manyan, bayan shekaru. Ƙananan kuwa in ka cire kason gwanjo da aike da wuya ka mayar da uwar kuɗi. Kar ka sa kuɗin cefane ko na makarantar yara a ciki.

Nawa ya yi baƙi, in wanke shi da toka ko lemon tsami?

Don girman Allah kar ka yi. Wannan launin, kore-kore ko ruwan ƙasa a tagulla, toka-toka a azurfa, shekaru ɗaruruwa ne suka gina shi, shi ke kare ƙarfen kuma shi masu saye suke so. Ka goge shi ka rage masa daraja, ba kuma ya dawowa. In ƙasa ce ta manne, tataccen ruwan da ake ƙara wa batir (ba asid ɗin ba) da buroshi mai laushi sun isa, ka shanya ya bushe ƙarau.

Abin tsoro ɗaya ne, wani kore mai haske kamar gari da yake fitowa a tagulla, in ka taɓa da tsinken sakace sai ya zube. Wannan ciwo ne, gishirin da ke cikin ƙarfen ne yake haɗuwa da danshi yana cin sa, in aka bar shi sai ya huda sulen. Da ka gani ka ware shi daga sauran, ka kakkaɓe garin a hankali, ka jiƙa a tataccen ruwan nan kana canzawa, ka busar sosai, in mai tsada ne kuma ka nemi ƙwararre. Da damina ya fi tashi.

Ya zan ajiye su?

Kowanne a 'yar ambulan ɗinsa ta takarda ko robar da aka yi don sulalla, ban da ledar nan mai laushi mai wari, tana sa musu wani kore mai danƙo. Ka riƙe su ta gefe da hannu mai tsabta, a saman tabarma ko tawul saboda tsohuwar azurfa in ta faɗi a siminti tana iya fashewa. Ka jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi cikin akwatin, ka riƙa dubawa daga Yuni zuwa Satumba. A jikin kowace ambulan ka rubuta gari ko sarki, shekara, nauyi, inda ka saya da nawa, ka ɗauki hoton gaba da baya a waya, rasit da tsohuwar takardar dillali kuma a ajiye su tare da sulen ko da ta yage.